Tayar da Tsohon Babur da Cok a Sanyin Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan wata tara a shekara mai babur a Sakkwato ba ya tunawa da cok. Daga Maris zafi kan haura digiri 40, inji ya kwana da ɗuminsa, bugu ɗaya ya tashi. Sai Disamba ta shigo da hazo da iskar hunturu, awon asuba ya sauko ƙasa da digiri 18, wasu ranakun ma ƙasa da 15, balle ga mutanen bakin fadama irin su Kwalkwalawa, Dundaye da Wamakko. Lokacin ne gareji ke cika da baburan da lafiyarsu ƙalau, masu su ne kawai ba su san yadda ake tayar da su da sanyi ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan kabu-kabu, malaman makaranta da masu ɗauko albasa daga ƙauye suka fi kawo mana a gareji. Magana ce ta babura masu kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji: Honda CG125 da masu kama da ita, Jincheng, Boxer, roba-roba, da tsofaffin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi.

Maigida, wai shi cok ɗin nan mene ne aikinsa?

Fetur ba ya kama wuta a cikin inji yana ruwa. Sai ya zama tururi ya gauraya da iska, sannan tartsatsin fulogi ya kama shi. Injin da ya yi zafi yana son iska kashi 14 zuwa 15 a kan kashi ɗaya na mai, idan da nauyi aka auna, kuma a kusa da wannan ma'auni ake saita kafireta. To da asuba ƙarfe ya yi sanyi. Man da kafireta ta feso, maimakon ya tashi tururi, sai mafi yawansa ya lafe a bangon bututun da ke kai shi inji da kuma bangon silinda. Turaren wuta ne a kaskon da babu garwashi: yana nan a zube, amma babu hayaƙi. Abin da ya isa bakin fulogi kusan iska ce zalla. Ga shi kuma iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, kowace zuƙa da inji ya yi ya ɗebi iskar da ta fi ta rani yawa.

Cok yana sa kafireta ta ba da mai fiye da ƙa'ida na ɗan lokaci, domin ɗan abin da ya samu ya zama tururi ya isa a kunna shi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ɗumama inji, ba ya ƙara ƙarfin wutar fulogi, ba ya gyara abin da ya lalace.

Duk cok iri ɗaya ne?

A'a, iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu ya wahalar da mutane da yawa. Na farko faifai ne na ƙarfe a bakin kafireta, ta ɓangaren da iska ke shigowa. Idan ka ja shi sai ya kife ya toshe hanyar iska, inji ya zuƙa bai samu iska ba, ƙarfin zuƙar ya koma kan mai. Irin wannan ne a kan CG125, wadda Honda ta fito da ita a 1975, da galibin baburan China da aka ƙera bisa tsarinta, haka ma roba-roba da yawa.

Na biyu ba ya toshe komai. Wata 'yar hanya ce ta daban a cikin jikin kafireta, da ɗan marfi a kanta. Idan ka ja cok marfin ya ɗaga, ƙarin mai ya bi ta nan ya shiga inji. An fi ganinsa a kafiretar Mikuni ta tsofaffin Suzuki da Yamaha. Shi wannan ba ya aiki sai totur yana rufe ruf, saboda ƙarfin zuƙar da ke taruwa a bayan rufaffen totur shi ke jawo man. Ka murɗa totur ko kaɗan, iska ta samu babbar ƙofa, zuƙar ta saki, cok ya zama kamar ba a ja shi ba. Mai irin na farko zai iya ba shi wuta ɗan mitsitsi, kamar kaurin farce. Mai na biyu ya ɗauke hannunsa daga totur gaba ɗaya.

Ni ban ma san ina ne kunne, ina ne kashe ba. Sama ko ƙasa?

Kada ka dogara da na maƙwabci, domin kamfanoni sun bambanta. A CG da yawancin masu kama da ita, ɗaga hannun cok sama shi ne kunnawa, ƙasa kashewa, tsakiya kuma rabi. Wasu a kan hannun hagu yake, wasu maɓalli ne da ake ja. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bari injin ya yi zafi sosai yana silo, wato yana kunne a tsaye ba a ba shi wuta ba, sannan ka juya cok ɗin. Inda sautin ya canza, ya fara tari ko ya mutu, nan ne kunne. Idan kuwa ka juya ko'ina babu abin da ya canza, cok ɗinka ba ya aiki, ko waya ta tsinke ko ya ƙame.

Ƙamewar nan ruwan dare ce a garinmu. Abin da aka bari wata da watanni ba a taɓa ba, ga ƙura ga tsatsar damina, dole ya cije. Ɗigon baƙin mai a kan wayar da gindin hannun, a motsa shi sama da ƙasa, galibi ya warware. Ina ba abokan hulɗarmu shawara su riƙa ja su mayar ko sau ɗaya a mako, ko da a tsakiyar bazara ne.

To yaya ake yi, daga farko har ya tashi?

Ka kafa babur a ƙafar tsakiya idan yana da ita, giya a firi. Buɗe famfon mai ka ɗan dakata kofin kafireta ya cika, domin wanda ya kwana a ciki ya ragu. Kunna cok har ƙarshe. Kafin ka murɗa makulli, taka kik a hankali sau biyu ko uku: wannan yana jawo mai zuwa cikin silinda, yana kuma motsa baƙin man da ya kwanta. Sai ka kunna makulli, fitila a kashe.

Yanzu bugun kansa. Mafi yawan mutane duka suke yi da sauri-sauri, rabi-rabi, kamar suna jin haushin babur. Ba haka ba ne. Ka danna kik sannu har ka ji ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafarka, nan ne fistin ya hau matsi. Ka bar kik ɗin ya dawo sama, sannan ka sauke nauyin jikinka a kai, bugu guda cikakke har ƙasa. Kada ka miƙe gwiwa ta sandare, kuma ka sa takalmi mai riƙe ƙafa, domin wani lokaci kik yakan dawo da ƙarfi, kuma mun ga idon sawun da ya kumbura saboda silifas. Babur mai lafiya da aka yi wa haka ba ya wuce bugu biyu zuwa uku a sanyin Sakkwato.

Ya tashi. Yaushe zan mayar da cok?

Kunnenka ne zai faɗa maka. Da farko sautin yana fita sumul. Bayan ɗan lokaci, wani lokaci daƙiƙa goma sha biyar kacal, sai ya fara nauyi, yana gurnani yana tsallake bugu. Man ya fara yi masa yawa ke nan. Mayar da cok rabi idan naka yana da rabi, ka riƙe shi da 'yar wuta kaɗan. Bayan rabin minti zuwa minti ɗaya ka kashe gaba ɗaya. Alamar ya shirya ita ce ka ɗan murɗa totur ya amsa nan take ba tare da shaƙewa ba.

Littattafan Honda na irin waɗannan babura sun raba abin da awon zafi: tsakanin digiri 10 da 35 a tayar da inji mai sanyi da cok, daga 35 zuwa sama kada a taɓa shi. Wato a Afrilu da Mayu da rana tsaka ba ka da hulɗa da shi. Haka nan injin da ka kashe ka shiga masallaci ka fito, yana da zafinsa, ba ya son cok ko a Janairu ne.

Oga, mu a tasharmu da ya tashi sai mu ba shi wuta sosai ya yi ƙara, don ya yi saurin zafi. Akwai matsala?

Akwai, ɗan'uwa, kuma a duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta fi damuna kamar wannan. Kowace asuba ta hunturu sai ka ji shi daga Mabera har Runjin Sambo: inji bai yi daƙiƙa uku da tashi ba an murɗe shi har ƙarshe.

Ka duba abin da ke faruwa a ciki. Da daddare baƙin mai ya tsiyaye duka ya koma ƙasan inji, sanyi ya ƙara masa kauri. Sai famfonsa ya tura shi ta 'yan siraran hanyoyi kafin ya isa kan inji inda bawul suke. A Boxer da roba-roba sandar da ke buɗe bawul ɗin a can sama take, ita ce ta ƙarshen samun mai. A waɗannan daƙiƙu na farko ƙarfe yana gogar ƙarfe da ɗan ragowar maiƙon jiya kawai. Kai kuma ka tilasta masa juyawa sau dubu shida ko bakwai a minti. Bugu da ƙari fistin na alminiyom ne, ya fi bangon silinda saurin ɗaukar zafi da kumbura. Ga ɗanyen fetur da cok ya turo yana wanke maiƙon bangon. Ba za ka ga illar a ranar ba, shi ya sa ake raina ta. Sai bayan watanni ka ga shuɗin hayaƙi, ƙarfi ya ragu a hawan gada, baƙin mai yana ƙarewa kafin lokacin juye, a ce maka sai an sa ringi. Kuɗin da aka tara ana jigila a rana ya tafi a kan minti ɗayan da aka ƙi jira.

Ba kuma cewa nake ka tsaya minti goma yana silo ba. Injin da iska ke sanyaya shi bai dace da doguwar tsayuwa a kunne ba, kuma ɓarnar mai ce. Minti ɗaya zuwa biyu, sannan ka hau ka tafi sannu, kana canza giya da wuri, har kilomita biyu ko uku na farko. A kan tafiya inji ya fi saurin ɗumi. Idan buhun albasa za ka ɗora ko fasinja biyu, ka ƙara masa ɗan lokaci kafin ka aza masa nauyi.

Na manta cok a kunne na yi tafiya daga Arkilla har kasuwa. Na lalata injin?

Sau ɗaya ba ya kashe inji. Ka sha asarar mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Fulogi ma ya yi baƙi. Kashe cok ɗin ka yi 'yar tafiya mai ɗan nisa, yawanci fulogin zai ƙone dattinsa da kansa. Idan yana tari ka kwance shi ka goge. Illa tana zuwa ne idan abin ya zama ɗabi'a: fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen ringi ya shiga baƙin mai ya tsinka shi. Zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina. Idan warin fetur ya fito fili, ka yi juye ko lokaci bai yi ba.

Na buga, na buga, yanzu warin fetur kawai nake ji, ko tari ba ya yi.

Ya sha mai. Fulogi ya jiƙe, tartsatsi ba ya iya tsallakawa. Duk bugun da ka ƙara da cok a kunne ƙara jiƙa shi kake yi. Kashe cok, kashe makulli, murɗe totur har ƙarshe ka riƙe, ka buga kik kamar sau takwas zuwa goma domin iska ta share silinda. Sannan ka saki totur, ka kunna makulli, ka buga ba cok, da 'yar wuta kaɗan. Idan ya ƙi, kwance fulogi ka goge shi da busasshen tsumma ka bar shi ya sha iska. Kada ka gwada tartsatsi kusa da ramin fulogi alhali fetur yana fitowa daga ciki. Ƙa'idar da zan ba ka: bugu biyar da cok bai tashi ba, ka kashe cok ɗin kafin na shida.

Wani bakanike ya ce cok yana cinye inji, ya ɗaure min shi da waya, ya ce ya ƙara min mai a kafireta yadda zai riƙa tashi da kansa. Ya yi daidai?

Bai yi daidai ba, duk da na san da kyakkyawar niyya ake yi. Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce barin cok a kunne yana cutar da inji. Amma dubi abin da ya yi maka a madadinsa. Cok kana kunna shi minti ɗaya ka kashe. Shi kuwa ya juya sukurun kafireta, ko ya ɗaga allurar da ke auna mai, ko ya sa jet (ɗan ƙarfen da mai ke bi ta raminsa) mai faɗin rami, ya mayar da baburinka mai shan mai fiye da kima dare da rana. Domin gudun minti ɗaya na asubar wata uku, ka koma biyan kuɗin ƙarin mai a kowane kilomita na shekara. Idan bazara ta zo, iska ta yi zafi ta yi sauƙi, man zai ƙara yin yawa: baƙin hayaƙi, fulogi yana mutuwa, babur yana nauyi.

Kafireta ana saita ta ne inji yana da cikakken zafi, ba da sanyin safiya ba. Sukurun da ke ɓangaren soson iska, wato matatar da ke tace iska, iska yake sarrafawa, ɗaure shi yana ƙara mai. Wanda ke ɓangaren inji kuwa mai yake sarrafawa, kwance shi ne ke ƙarawa. Silo na irin CG a wajen juyi 1,400 a minti yake. Idan an yi saitin daidai, dole inji ya nemi cok da sanyi, kuma wannan alamar lafiya ce. Ka koma cikin mutunci ka ce ya kwance wayar, ya mayar da saitin yadda yake.

Nawa ko a tsakiyar Janairu bugu ɗaya ne ba cok. Ai ya fi na kowa lafiya ko?

Mai yiwuwa a ɗaki mai ɗumi yake kwana. In ba haka ba, ka kwance fulogi ka duba. Launin ƙasa-ƙasa shi ne daidai. Baƙi mai gari kamar gawayi yana nufin mai ya yi yawa. A lokacin hazo babban abin zargi soson iska ne: ƙurar hunturu takan toshe shi har ya zama cok ɗin da ba ya kashewa. Na soso a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, a shafa masa baƙin mai kaɗan. Na takarda ba a wanke shi, a kakkaɓe ko a sake sabo. Wanda ke bin hanyoyin ƙauye na Kware ko Gwadabawa ya riƙa dubawa kowane mako har hazo ya wuce. Roƙona ɗaya, kada a cire shi a yar don babur ya ƙara gudu. Ƙurar da za ta shiga ta fi kowane cok saurin cinye ringi.

Nawa kuma akasin haka ne. Ko ya yi zafi, da na kashe cok sai ya mutu.

Wannan babur yana gaya maka mai ba ya isarsa. Mafi yawan lokuta ƙaramin jet na silo ne ya toshe. Raminsa bai kai kaurin allura ba, ƙwayar rairayi ɗaya ta ishe shi, kuma man kwalba na bakin hanya da tsatsar tanki suna kawo irinta. A kwance a wanke da fetur a hura da iska. Kada a zura masa wayar ƙarfe, tana faɗaɗa ramin ta lalata shi har abada.

Idan jet ɗin a wanke yake, a duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Zafin Sakkwato yana busar da ita ta tsage, iska ta riƙa satar hanya ta nan. Alamarta silo ya riƙa hawa da sauka da kansa, ko ya daɗe bai sauko ba bayan ka saki totur. Sai kuma famfon mai da matatarsa, da tsayin man da ke kofin kafireta. Kada ka ce bari in ci gaba da tafiya da rabin cok tunda yana yi. A babban gudu man na iya yin yawa, a silo ya yi kaɗan, kuma ciwon yana nan.

Na bi duk ƙa'idar nan, bai sha mai ba, amma kullum da safe sai na yi gumi.

To an wuce maganar cok. Fara da mai arha: fulogi. Tazarar bakinsa a CG da roba-roba milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, idan ya cinye ta buɗe wutar ta yi rauni. Duba hularsa da wayarsa ko sun tsage. Daga nan bawul. Idan sun matse ba sa rufewa ruf, matsi yana zurarewa, kuma da sanyi aka fi gane haka. Ana saita su inji yana da sanyi, da ma'auni, ba da kunne ba: milimita 0.08 a CG125, 0.05 a tsohuwar roba-roba ta Honda. Na ƙarshe ringi. Idan ka taka kik ya sauka lagwas babu turjiya, matsi ya tafi, kuma babu cok ɗin da zai dawo da shi.

Sitata ko kik?

Da asubar sanyi kik ya fi, ka bar sitata ga sauran yini. Sanyi yana rage ƙarfin batir a daidai lokacin da kaurin baƙin mai ya sa inji ya fi nauyin juyawa. Batir cikakke yana nuna wajen bolt 12.6 a ma'auni. Idan dole sai sitata, kada ka riƙe ta fiye da daƙiƙa biyar, ka huta daƙiƙa goma kafin ka sake. Babura da yawa daga magneto, wato ɗan janaretan da ke jikin inji, suke samun wutar fulogi, don haka ko batir ya mutu kik zai tayar da su. Wasu kuwa daga batir suke ɗauka, su sai an yi caji.

Ɗana, ni a zaure nake ajiye nawa. In tayar da shi a ciki ya yi ɗumi kafin in fita, ai ya fi sauƙi.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, kwanan da yake yi a zaure abu ne mai kyau, shi ya sa ma naka ba ya gardama. Amma tayarwa, don Allah a turo shi waje tukuna. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba da ba a gani, ba ta kuma da wari, irin wadda ke halaka mutanen da suka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Lokacin da cok ke kunne ne inji ya fi fitar da ita, saboda man ba ya ƙonewa duka. Ga shi a hunturu an rufe ƙofa da taga, jikoki suna barci a ɗakin da ke jikin zauren. Ciwon kai da jiri su ne alamun farko. A waje ma a juya bakin salansa ya kalli titi, ba ƙofar gida ba. Kafin a kwanta kuma a rufe famfon mai, domin idan allurar da ke tsayar da mai a kofin kafireta ta gaji fetur yakan ɗiga a ƙasa duk dare, kusa da inda ake jin ɗumi.

Dabarun da muke gani fa: toshe bakin kafireta da hannu, zuba fetur a ramin fulogi, kara garwashi a ƙarƙashin inji?

Tafin hannu a bakin kafireta aikin cok yake yi, kuma yana tayarwa. Sai dai dole ka cire robar iska, ƙura ta samu hanya, kuma idan inji ya yi atishawa ta baya wuta ce za ta fito a hannunka. Gyara cok ɗin ya fi arha. Fetur a ramin fulogi gwaji ne na bakanike don ya gane ko mai ne ba ya zuwa, ɗigo kaɗan, ba abin yi kullum ba. Garwashi ko wutar kara kusa da babur kuwa ban yarda da shi ba ko da wasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya kama wuta daga nesa. In akwai lokaci, a jingine babur inda hantsi zai taɓa injin.

Turawa ba laifi idan babur mai kuloci ne: giya ta biyu, cok a kunne, ka riƙe kuloci, in ya ɗauki gudu ka saki. Amma wanda kullum sai yaran unguwa sun tura shi yana da ciwon da ya kamata a duba.

Irin baƙin mai yana da tasiri?

Yana da shi. A jikin galan za ka ga lamba kamar 20W-50 ko 10W-40. Ta farko mai harafin W tana nuna kaurinsa da sanyi, ƙarama ta fi saurin gudana. Sanyinmu bai kai inda 20W-50 zai gagara ba, kuma ya dace da zafin da ke biyo baya. Abin gudu shi ne man awo da ba a san asalinsa ba, da wanda ya daɗe ya yi kauri da datti. Juye a farkon Disamba yana sauƙaƙa bugun safiya sosai.

Farin hayaƙin da ke fita da safe fa?

Idan siriri ne yana ɓacewa bayan minti biyu, tururin ruwa ne, ba komai. Baƙi, mai ya yi yawa, duba cok. Shuɗi mai ɗorewa a injin da ba ya amfani da man hayaƙi, baƙin mai yake ƙonawa.

Tsohuwar Suzuki ce da ni, mai hayaƙi, ta mahaifina. Ita ma haka?

Allah ya sa albarka, irinsu suna da ƙarko in an kula. Tsarin ɗaya ne da bambanci kaɗan. Hannu ya bar totur gaba ɗaya. Ta fi saurin jiƙa fulogi, domin cakuɗen mai da iska sai ya bi ta ƙasan inji kafin ya hau silinda, kuma idan ya taru a can yana da wuyar sharewa, don haka da ta tashi ka yi saurin mayar da cok. Fulogi yana saurin datti saboda man da take ƙonawa, ka riƙa yawo da wani a aljihun babur. Hayaƙi mai yawa da safe ɗabi'arta ce. Kada ka rage mata man hayaƙi saboda shi, kuma ka duba tankinsa kafin ka fita, domin shi kaɗai ne maiƙon fistin ɗinta.

Na yi tafiya na bar shi wata biyu a ajiye. Na dawo ya ƙi tashi ko da cok.

Man da ke kofin kafireta ya tsufa. Ɓangarensa mai saurin tashi, wanda shi ne ke kama wuta da sanyi, ya riga ya gudu, saura mai nauyi da danƙo. A ƙasan kofin akwai ɗan sukuru. Rufe famfo, kwance shi ka tari abin da ya zubo a gwangwani, nesa da wuta. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ɗaure sukurun, buɗe famfo sabon mai ya cika, sannan ka tayar yadda aka bayyana. Idan na cikin tanki ma ya canza launi ko wari, a juye shi. Wani karon in za ka yi doguwar tafiya, rufe famfon mai ka bar injin yana aiki har ya shanye na kofin ya mutu da kansa, ka cire wayar batir ɗaya, ka lulluɓe babur ɗin saboda ƙura.